Ƙwaya Mai Tsaga Huɗu

Paris, Laraba 2 ga Oktoba

Zuwa ga 'yata Shamsiya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da jinya, ina gaishe ki da zaman asibiti. Yaya ƙarfin jikin Baban Najla? Allah ya sa kaffara ne. Mu nan lafiya lau, sai ƙafata da ke tashi in an yi sanyi. Najla tana zuwa lekol, makarantarsu, tana cin abinci, ta daina kukan safe.

Kin san kunnena. A waya rabin magana nake kamawa, sauran in ce "to, to" don kunya. Shi ya sa na ɗauko biro. Rubutun da na koya a ajin manya da furfura a kaina, yau ga ranarsa. Ki yi haƙuri da layin da ya karkace. Sunan da ke bayan ambulan ƙanwarsa Rékia ce ta rubuta, tunda sunansa ne a jikin akwatin wasiƙunku. Ɗana ne na fari, bakina bai taɓa kiran sunansa ba, hannuna ma bai saba ba.

Ga abin da nake so. Rékia ta ce likitocin Lyon sun ce jininta ya dace da na wanta, za su ɗebi wani abu daga jikinta su dasa masa. Na ce me za su ɗiba? Ta ce "selil, Inna", ta saɓa jakarta ta wuce aiki kasuwar Rungis. Ni ban san selil ba. Ke kika yi karatun wannan, ke ke aiki cikin kwalabe a ɗakin gwaje-gwaje na Saint-Fons. Ki rubuto mini da Hausa, dalla-dalla, yadda zan karanta sau uku in gane. Biyu na haifa, ɗaya kwance, ɗaya za a ɗebi jininta, kuma ni ce ban san komai ba.

Tsayuwar Rungis ta kumbura wa Rékia ƙafar hagu. Awa takwas a kan siminti tana jera kwalayen kayan miya. Da na ga ƙafar sai na tuna tawa, shekara shida ke nan, lokacin da gudan jini ya toshe mini jijiya na kwana goma a asibiti. Amma kada ki ƙara wannan a kan damuwarki. Na san abin yi, na kuma yi. Ta fara jin sauƙi.

Na yi masa dambun nama mai ɗan yaji kaɗan. Ana barin a shigar masa da shi?

Innarku,
Batula


Lyon, Lahadi 6 ga Oktoba

Inna,

Wa alaikumus salam. Ina gaisuwa da girmamawa. Yaya ƙafa, yaya fama da Najla? Wasiƙarki ta iso jiya. Na karanta wa Baban Najla, ya yi dariya har ya yi tari, ya ce a gaya miki rubutunki ya fi na likitarsa kyau.

Bari in bayyana yadda na gane. Ɓargon cikin ƙashi shi ne gonar jini. A cikinsa akwai wasu ƙwayoyi ƙanana da ido ba ya gani, su ne selil ɗin, su ne iri, daga gare su duk jinin mutum ke fitowa. Nasa irin ne ya lalace, shi ne sankarar jinin. Ran Laraba mai zuwa za su fara ba shi magani mai ƙarfi na kwana shida, ya kashe ɓargon gaba ɗaya, mugun da mai kyan. Inna, ki lura da nan. Daga ranar da aka fara, babu komawa baya. Jikinsa ba zai sake yin jini da kansa ba sai an zuba masa irin Rékia ya kama.

Rékia za ta iso ran Alhamis. Ran Juma'a za ta fara allurar da ke koro irin daga ɓargo zuwa cikin jini. Ran Talata 15 za a haɗa ta da na'ura, jini ya fita ta wannan hannu, na'urar ta tsince irin ta tara a leda, sauran ya koma ta wancan.

Wurin da ya fi tsorata ni shi ne ledar. Jini in ya bar jiki daskarewa yake yi, don haka suna ɗiga masa maganin tsinka jini yana tafiya. Amma awonsa kamar na kanwa ne a miya. In ya yi kaɗan ledar ta yi gudaji, an yi asarar irin. In ya yi yawa, ko aka sa wanda bai dace ba, yana iya raunana irin, ya shiga jiki ya ƙi kamawa, mai bayarwa kuma ta yi ta zubar da jini. Na dami likitar da tambaya har ta ce ko aikinta na zo ƙwacewa. Ta ce awon nan a kan jinin mai lafiya suke yinsa, shi ya sa suka tambayi Rékia har sau uku ko tana shan wani magani, ko na gargajiya ne, balle mai tsinka jini. Ta ce babu, ta sa hannu. Gwajin da suka yi mata watan jiya ma ya fito fes. Alhamdulillahi.

Dambu kam ba za a bari ba, ko ruwa sai na kwalba a rufe. Ku ci ke da Najla. Ƙafar Rékia kuma me kika yi mata, gashi da ruwan zafi? Ta riƙa ɗora ta a kan matashi.

'Yarki,
Shamsiya


Paris, Alhamis 10 ga Oktoba

Shamsiya 'yata,

Sallama da gaisuwa. Ina fata kuna lafiya. Ni jikina lafiya, zuciyata ce ba lafiya.

Wasiƙarki ta iso yau da azahar. Rékia kuwa tun da safe ta hau jirgin Lyon. Na karanta sau uku kamar yadda na ce, a na ukun na gane abin da na aikata.

Ba gashi na yi mata ba. Maganina na ba ta.

Tun ciwon ƙafata nake shan maganin tsinka jini. Bara likitana ya canza mini, ya ba ni sabo, tsohon ya ragu da yawa. Mu ba mu tashi muka ga ana zubar da magani ba. Can gida Tessaoua in ƙwaya ta yi wa mutum aiki, ajiye sauran yake yi don ɗan'uwa. Na ɓare su na zuba a gwangwanin alewa. Da na ga ƙafar Rékia sai na ce ciwona ne ya bi ta. Ƙwaya ce mai tsaga huɗu a baya. Ɗaya kullum, yau kwana goma sha biyu.

Kuma ba nan laifina ya tsaya ba. Na ce mata kada ta faɗa wa likitocin Lyon. Na ji tsoro su ce ba ta da lafiya, su ƙi jininta, alhali ba shi da wata 'yar'uwa. Na ce a gyara ƙafar cikin gida, a kai musu ita lafiyayya. Da za ta tafi na ƙulla mata wasu a gefen gyale.

Na kira ta ɗazu. Ta ɗaga murya yadda zan ji, ta ce: "Inna, ke kika ce in yi shiru. Tun jiya aka fara kashe masa ɓargo. In na faɗa suka ce ban dace ba, wa zai ba shi? Ke?" Ta ce za ta daina sha, shi ke nan, kada in tada hankalin kowa. Ta kashe.

Na kira ki sau biyu. Ina jin muryarki sai harshena ya yi nauyi, na ajiye. Yaya zan faɗa wa matar ɗana wannan da baki?

Ban san wanne ya fi ba, shirun ko maganar. In na yi magana wataƙila su ƙi ta. In na yi shiru wataƙila na sa wa irin guba da hannuna. Ke kika san aikin. Na sa a hannunki, ki kai wa likitar in kin ga haka ne daidai. Ni dai na gaji da sanin abin yi.

Gidan waya na cin kwana uku. Alhaji Maazou mai butik ɗin dabino zai kai kaya Lyon gobe da motarsa, shi zan ba, hannu da hannu, kamar yadda muke yi a gida. Gobe war haka tana hannunki.

Batula


Lyon, Lahadi 13 ga Oktoba

Inna,

Barka da war haka, da fatan kuna lafiya ke da Najla. Ban ga amsarki ba, na ce ko gidan waya ne. Ran Alhamis na ga kiranki biyu, ina cewa "alo, Inna" sai ya katse. Na sake kira ba ki ɗauka ba. Rékia ta ce kunnenki ne kawai.

Yau kwana biyar da fara maganin. Bakinsa ya fara yin gyambo, magana da ƙyar, sai ya rubuta a ɗan allo ya ɗaga mini. Ba na shiga sai na wanke hannu har gwiwa, na sa riga da hula da abin rufe baki. Jiya ya rubuta: "Kin yi kama da mai sayar da nama a Rungis." Ƙwayoyin jininsa masu yaƙi da cuta suna ta sauka, likitar ta ce jibi za su kai sifiri, kuma haka ake so.

Rékia tana gidanmu. Allurar tana sa ta ciwon ƙashi, baya da ƙugu da ƙafafu, an ce haka take yi wa kowa. Ba ta da yawan magana, na ɗauka tsoro ne. Abu ɗaya na lura. Inda take yin allurar a ciki ya yi baƙi, faɗin tafin hannu, kuma yau da ta goge baki na ga ja a wurin wanke hannu. Na tambaye ta, ta ce burushi ne sabo. Can gida tana yin haka?

Sun duba jijiyoyin hannunta sun ce sirara ne, ba za su ɗauki na'urar ba. Don haka ran Talata da ƙarfe bakwai na safe za su sa mata bututu a babbar jijiyar wuya. Sun ce aikin minti ashirin ne ga mai lafiyayyen jini.

Saura kwana biyu, Inna. A taya mu da addu'a.

Shamsiya


Paris, Litinin 14 ga Oktoba, ƙarfe ɗaya

Shamsiya, sallama. Ki karanta wannan yanzu, a tsaye.

Kwana uku ina jiran kiranki. Na ce fushi kike yi, kuma kina da gaskiya. Yau na kai Najla lekol na biya butik ɗin Alhaji Maazou in tambayi yadda ya same ku. Na tarar da shi zaune yana shan shayi. Motarsa ce ta lalace, bai je ba, sai Laraba. Ambulan ɗina na nan a kan kanta, ƙarƙashin kwalin dabino. Ya ce, "Hajiya, ai na ɗauka gaisuwa ce."

Na fizge ta. Na je farmasin da nake karɓar magani da gwangwanin a hannuna, mai farmasin ya duba na'urarsa ya buga mini sunan tsohon maganin a takarda. Yanzu ina shagon waya na Soumaïla, zai ɗauki foton komai ya turo miki: wannan, da wasiƙar Alhamis, da takardar farmasi.

Rékia ta sha maganin tsinka jini. Ni na ba ta. Kada a taɓa ta gobe sai likitar ta gani. Na daina tambayar ko a faɗa. A faɗa. Ki ce uwarsu ce ta yi.

Ina nan zaune a shagon, ba zan tashi ba.

Batula


Lyon, Laraba 16 ga Oktoba

Inna,

Ina gaisuwa. Soumaïla ya ce zai riƙa buga miki wasiƙuna da manyan baƙaƙe in na turo, don haka daga yau ta wayarsa za mu bi. Wadda na sa a gidan waya ran Lahadi in ta iso, kada ki karanta, ba ta da amfani yanzu.

Ran Litinin "na gani" kawai na iya turowa. Ga abin da ya faru.

Ina cikin metro fotunan suka shigo. Na sauka a tashar da ba tawa ba, na karanta a tsaye kamar yadda kika ce. Na je gida na ɗauko Rékia, ban ce mata komai ba sai a gaban likitar, na ajiye wayar a kan tebur. Likitar ta karanta takardar farmasin, ta cire tabarau, ta tambayi Rékia yaushe ta sha na ƙarshe. Inna, ba ta daina ba. Da allurar ta sa ta ciwon ƙafafu sai ta ɗauka gudan jinin ne ke hawa, ta sha ran Asabar, ta sha biyu ran Lahadi.

Aka ɗebi jininta. Akwai lambar da ke nuna jinkirin daskarewa. Ta mai lafiya ɗaya ce. Ta Rékia ta haura huɗu. Likitar ta ce da sun huda jijiyar wuyan nan jiya da safe, ba ta san ko za su iya tsayar da jinin ba. Sun haska ƙafar kuma, babu gudan jini ko ɗaya. Tsayuwa ce kawai.

Ba su ƙi ta ba. Ba su da wata. Sun kwantar da ita, suna ba ta maganin da ke warware naki, sun ɗaga aikin zuwa gobe Alhamis in lambar ta sauko. Yau da safe tana biyu.

Shi kuma ya kai sifiri tun jiya, kamar yadda aka tsara, sai dai ledar da aka tsara ba ta zo ba. Zazzaɓi ya kama shi, talatin da tara da rabi. Ya rubuta a allo: "Ina ledar?" Na ce na'ura ce ake gyarawa. Ban taɓa yi masa ƙarya ba sai ranar.

Na tambayi likitar ko maganin ya taɓa irin. Ta ce ba ta tsammani, amma ba za ta rantse mini ba, ba su saba ɗibar iri daga jinin da ya sha wannan ba. Kuma yanzu dole su rage nasu maganin a na'urar don kada Rékia ta zubar da jini, in sun rage da yawa kuma ledar ta yi gudaji. Za su ƙirga masu rai bayan an ɗiba.

Inna, ke uwata ce, ba zan ɗaga miki murya ba ko a takarda. Amma ran Alhamis na ce "alo" sau biyu. Ina nan a ƙarshen wayar. Kwana huɗu ke nan da za su ishe mu.

Shamsiya


Paris, Alhamis 17 ga Oktoba

'Yata,

Na gaishe ki. Na karɓi maganarki. Gaskiya ce. Kunyar da na ji ta minti ɗaya ce, ku kuka biya ta da kwana huɗu.

Ta Lahadin ta iso jiya. Na karanta duk da kin hana. Kin ga baƙin a cikinta, kin ga ja a bakinta, kina tambayata ko tana yin haka a gida. Ni kuwa ina nan ina jiran motar dabino.

Yau da safe na juye durowata a kan gado. Gwangwani huɗu, da ƙulli bakwai, har da na marigayi Malam, babansu, da ya rasu shekara tara ke nan. Na kai farmasi duka. Mai farmasin ya dube su ya dube ni, ya kawo babbar leda.

Ba na roƙon ki yafe mini yau. Lamba kawai nake roƙo. In sun ƙirga, ki rubuto mini nawa ne masu rai, ko da ba ki sa gaisuwa ba.

Batula


Lyon, Juma'a 18 ga Oktoba

Inna,

Ina gaisuwa. Ba zan rubuto miki babu gaisuwa ba.

An yi jiya. Lambar Rékia ta sauko ɗaya da ɗigo uku, suka sa bututun, ya ɗan yi tsiyaya suka danne. Awa biyar tana kan na'ura. Sau biyu na'urar ta yi ƙara don gudaji ya fara taruwa a bututu, ma'aikaciyar jinya ta tsaya ta ƙara maganin ɗigo-ɗigo tana kallon agogo. Rékia ta jure har aka gama.

Ga lambar. Cikin kowane ɗari, casa'in da ɗaya na da rai. Yawansu bai kai yadda suka so ba, gudajin ya ci wasu, amma ya haura iyakar da suke yarda da ita. Likitar ta ce a zuba.

Da la'asar aka kawo. 'Yar leda ce, Inna, ba ta kai tafin hannu biyu ba, kalar zoɓon da aka sirka. Minti arba'in ta shige. Ya bi ɗigon da ido tun daga na farko har na ƙarshe.

Kada ki yi guɗa tukuna. Mai rai a leda daban, wanda ya kama a ɓargo daban. Sai nan da mako biyu ko uku za a sani, kuma har yanzu zazzaɓin bai sauka ba. Kullum da safe za su ƙirga ƙwayoyin jininsa masu yaƙi da cuta. In lambar ta motsa zan rubuto. In ban rubuto ba, sifiri ce.

Na gaya masa gaskiya yau. Ya daɗe yana kallon silin, bai ɗauki allon ba.

Shamsiya


Paris, Talata 29 ga Oktoba

Shamsiya,

Sallama. Yaya jikin nasa, yaya naki? Mu lafiya.

Kwana goma sha ɗaya. Kullum in na kai Najla sai in biya wurin Soumaïla, tun daga bakin ƙofa yake girgiza mini kai, yanzu har ya fara ɓoyewa bayan kanta. Na san kin ce shiru sifiri ne. Amma shiru yana iya zama wani abu kuma, kin sani, na sani. In wani abu ya faru kada ki ɓoye mini don ki tausaya mini. Na ga abin da ɓoyo ke yi.

Rékia ta dawo ran Lahadi da filasta a wuya. Ta gaishe ni a tsaye, ta shiga ɗaki. Jiya na tarar da ita a kicin, na ce, "Laifina ne, ba naki ba." Ta ce, "Ni na sa hannu a takardar, Inna. Sau uku suka tambaye ni." Muka tsaya kowa na riƙe da nasa. Daga baya ta karɓi wuƙar daga hannuna ta ƙarasa yanka albasar.

Kin ce bai ɗauki allon ba. Har yanzu?

Batula


Lyon, Litinin 4 ga Nuwamba

Inna,

Barka da asuba, barka da arziki.

Ran Asabar ɗari biyu. Na ƙi rubutowa, na ji tsoron kuskuren na'ura ne. Jiya ɗari huɗu. Yau ɗari bakwai. Likitar ta shigo da takardar da kanta, ta ce ya kama. Irin Rékia ne ke yin jini a ƙashinsa. Zazzaɓin ya sauka tun ran Juma'a, jiya ya sha kunu cokali shida.

Da saura. Sun ce sabon jinin na iya yi wa jikin gardama, watanni za a yi ana lura. Amma ramin da muke tsoro mun haye shi.

Ki ce wa Rékia ta kira ni, ni ma ina da haƙurin da zan ba ta.

Ya ɗauki allon. Ga abin da ya rubuta, ban canza ko baƙi ɗaya ba: "Wata guda Inna na rubuta wa matata. Ni ba ni da adireshi ne?" Yana so ta gidan waya, a takarda, za su sa ta a leda su ba shi ya riƙe. Sai dai asibitin ba ya karɓar wasiƙa sai da cikakken sunan majinyaci a baya. Rékia na iya rubuta miki.

'Yarki,
Shamsiya


Paris, Litinin 4 ga Nuwamba, da yamma

Ɗana,

Assalamu alaikum. Sannu da jiki. Sannu. An ce ka sha kunu cokali shida, gobe ka sha bakwai.

Soumaïla bai jira na zo ba, shi ya hau bene da takardar yana haki. Na karanta ɗari bakwai na zauna a kan matakala. Rékia ta fito da ludayi a hannu, ta karanta, ta zauna kusa da ni. Maƙwabciyarmu ta tsallake mu da kwandonta tana ce mana pardon.

Ka san abin da na yi, ba zan sake wanke shi a nan ba. Na so in kai maka ƙanwarka ba tare da aibi ba, na kusa rasa ku ku biyu. Kwana biyun da ka yi kana tambayar leda, ni na ɗora maka su. Ka yafe mini in ka samu ƙarfi, ba sai yau ba. Matarka kuma ka riƙe ta da kyau. Ta faɗa mini gaskiya ba ta zage ni ba, ba kowa ke iya wannan ba.

Najla ta ce a gaya maka haƙorinta na gaba ya fita.

Rékia ta miƙo hannu za ta rubuta bayan ambulan, na ce ta bari. Shekara talatin da takwas ina kewaya sunan nan, in ce yaron nan, in ce wan Rékia, in ce Baban Najla. Kwanakin da lambar ke sifiri na zauna ina tunanin za a iya kiransa a gabana a taron makoki, ni ban taɓa kiransa ba kana ji.

Na gwada sau huɗu a bayan takardar farmasi kafin ya miƙe. In ka juya ambulan za ka gani, hannuna ne.

Allah ya ƙara sauƙi, Moctar.

Innarka,
Batula